Hatsin da Na Ba Uwar da Ba Tasa Ba

Ku 'yan yanzu, in na ce muku na yi shekaru a gaban ordinater, wato kwamfuta, ina raba kaya gida-gida, sai ku kwashe da dariya ku ce, "Inna, ai wannan ba aiki ba ne, ja ne kawai a ajiye." Gaskiyarku. Da yatsa ɗaya kuke yi a waya, ɗaya hannun yana cikin ledar gyaɗa. To ku ajiye wayoyin ku saurara, don ni wannan ja a ajiye ɗin na yi, na raba wani gari da irin shukarsa.

Ni daktilo na koya, wato bugun tafireta. Da ita aka ɗauke ni a buron wata ƙungiyar manoma a nan Tawa, ina buga wasiƙu ina sa kabon uku-uku. Ƙungiyar tana da babban magazen, wato sito, a bakin hanyar arewa, nesa da buro kamar tafiyar rabin awa a ƙasa. Babu abin da ba a ajiyewa a ciki: hatsi, dawa, wake, takin zamani, maganin fara, hauyoyi da gatura, igiya, guga, kanwa, gishiri, dusa, siminti, har da fitilu. Manoma da makiyaya daga Bambai, Afala, Tebaram da ƙauyukan da ke bayansu, duk nan suke saukewa. Mai tsaron magazen ɗin wani tsoho ne, Baba Arzika, wanda bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, amma ko buhu ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba.

Aikin farko da na yi da shi, ƙidayar kaya ce ta ƙarshen shekara. Aka turo ni da littafi in rubuta abin da zai faɗa. Na shiga na ga kaya kamar an watsa: kanwa a wuri biyu, gishiri a wuri biyu, igiya wata a rataye wata a ƙasa. Na ce a raina tsohon nan bai san tsari ba. Da rashin kunyar ƙuruciya na tambaye shi me ya hana ya haɗa kanwar wuri ɗaya. Ya dube ni ta saman kafaɗa ya ce, "Ɗiyata, wagga ta bisashe ta, waccan ta tukunya ta. In kin gama su, ranar da makiyayi yaz zaka sai ki ba shi ta miya, mai miya ki ba ta ta raƙumi." Kananzir ba ya kwana kusa da garin tuwo a wurinsa, maganin fara yana can ƙurya shi kaɗai kamar mai ƙyanda. In an sauke kaya, ba ya tambayar sunansu. Abin da yake tambaya kullum shi ne, "Ina za shi? Wa ka jiran shi?" Wata uku na yi ina bin sa da littafi, na ɗauka na haddace.

Ordinater ta zo mana a shekarun da aka yi babban taron ƙasa, jam'iyyu suka fito kamar ciyawar ruwan farko. Masu taimaka wa ƙungiyar ne suka aiko da ita daga Yamai, da wani malami da ya yi mana sati ɗaya. Mazan buro suka leƙa suka ga maɓallai irin na daktilo, suka ce aikin mata ne, aka tura mini kujera. Da sun san ita za ta zama mai faɗa a ji, da ba su bar mini ba. Fuskarta baƙa ce, rubutun kore, tana da mayafinta da nake rufa mata in zan tashi. Wuta kuwa ta ga dama ta zauna, ta ga dama ta tafi. Sau nawa na buga layi ɗari ban adana a disket ba, wuta ta ɗauke, na koma farko ina salati.

Abin da malamin ya koya mini shi ne tablo, wato takarda ce a cikin na'urar, mai layuka a kwance da a tsaye. Kowane kaya yana da layinsa a kwance. Layukan tsaye kuwa, da muke kira kolon, su ne danginsa. Ni na sa musu suna don in gane: kolon na farko uwa, na biyu ɗiya, na uku jika. Cimaka uwa ce, hatsi ɗiyarta, hatsin Maraɗi ko na Bambai jikoki. Kowace uwa da lambarta, ɗiya ta ɗauki lambar uwa ta ƙara tata, jika ya ɗauki duka biyun ya ƙara tasa, lambar nan kuma ita ake rubutawa a jikin buhu da baƙin fenti. Daɗin abin, in ka kira uwa, duk zuriyarta sai su fito su jeru, ta haɗa maka jimillarsu kafin ka ƙifta ido. Yamai ta ba mu uwaye biyar: cimaka, kayan noma, kayan dabbobi, kayan gini, da tarkace. Doka ɗaya ce malamin ya maimaita har ta ishe ni, cewa kowane kaya uwarsa ɗaya, ba biyu ba.

A nan ne aikin yake, ba a bugawa ba. Kwana biyu na yi a kan igiya. Ta ɗaure jaki ce, ko ta rijiya, ko ta ɗaurin damin hatsi? Gishirin kantu na dabbobi ne, amma a shekarar wahala mutane ma suna dakawa su sa a miya. Dusa abincin tumaki ce har sai yunwa ta shigo gida. In na rasa yadda zan yi sai in jefa abu cikin tarkace, har tarkace ta fi kowace uwa 'ya'ya, shef ɗinmu, wato shugaban buro, ya kira ni ya ce wannan ba tablo ba ce, bola ce. Na koma na sake zama. Da na gama, sai ga magazen ɗin nan duka a takarda shida, tsaf. Ba zan ɓoye muku ba, na ji kaina ya kumbura. Baƙi daga Yamai in sun zo, ni ake kira in danna su gani.

Takarda shidan nan su suka ci aikin Baba Arzika. Bayan an karya darajar kuɗin sefa, komai ya yi tsada, masu taimako suka ce a rage ma'aikata. Aka ce tsohon da bai iya karanta lamba ba, me zai yi a magazen mai lambobi? Aka ba shi buhun hatsi da godiya. Aka kawo wani mai takardar lakwal, ɗan jam'iyyar shef na lokacin, don a shekarun nan shef ma da gwamnati yake zuwa, da ita yake tafiya. Sabon ba mugu ba ne. Abin da takarda ta ce, shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Baba Arzika kuwa ya koma zama a gindin bedi, wato dogon yaro, a ƙofar magazen, yana gaisawa da tsofaffin abokan hulɗarsa, yana kallon 'yan dako suna haɗa kanwa wuri ɗaya.

Sai aka yi damina marar kirki. Da kaka, mutanen arewa ba su ɗaure abin a zo a gani ba. Wata ranar kasuwa amalanke biyu suka tsaya a ƙofar magazen, wani dattijo dogo mai farin gemu ya sauko, Malam Nomau, daga wani ƙauye a bayan Afala. Buhu goma sha ɗaya ya kawo. Kowane buhu an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, kuma da aka kwance ɗaya sai warin toka da ganyen bedi ya tashi, don da haka suke tsare iri daga ƙwari. Hatsi ne mai ƙananan ƙwaya, ba shi da kyan gani. Ni aka aiko in ba shi lamba, don haka da ni ya yi magana.

Ya ce, "Ɗiyata, wanga irinmu na, tun kakanni. Gajere na, amma shina da gaugawa. Ruwanmu ba su daɗewa, shi kuwa ba ya jiran su ƙare, kahin su ɗauke ya nuna. Bana munka zamna munka diba, munka ce in yak kwana cikin rumbunanmu, ba ya kai bazara. Yaro na kuka, uwa tai na ganin iri, mi kika so ta yi? Shi as sa kowane gida yab ba da nashi, anka gama, anka ce in kai shi inda hannunmu ba ya kai. Ku aje muna shi. In hadari yat taso, ni ka zakkuwa in ɗauka."

Shef ya yarda, har ya yaba musu da hangen nesa. Ni kuma na koma buro na zauna a gaban tablo ina neman uwar da zan ba shi. A ƙarƙashin kayan noma akwai ɗiya mai suna iri, amma an gina ta don irin da muke saye daga cibiyar gwamnati, kowane layi sai an sa masa lambar cibiya da farashi, in ba haka ba jimilla ta rikice. Na Malam Nomau ba shi da lamba, ba shi da farashi. Na gwada, tablo ta ƙi. Na ce to, ai hatsi hatsi ne. Na sa shi jika a ƙarƙashin hatsi, a ƙarƙashin cimaka. Can a kolon na ƙarshe, inda ake ƙarin bayani, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa iri ne na ajiya, kada a taɓa. Na ji na yi dabara.

Washegari ina tsaye ana shafa lambar a buhunan, Baba Arzika ya taso daga gindin bedi. Bai iya karatu ba, amma ya ga lambar farko iri ɗaya ce da ta sauran hatsin da ke jibge a gefe.

Ya ce, "Hawa, mi kinka rubuta nan?"

Na ce, "Hatsi, Baba."

"Wanga ba hatsi na ba. Amana ta. Ina za shi? Gona za shi. Wa ka jiran shi? Gari guda. Ki yi mai uwa tashi daban, ki sa a kai shi ƙurya."

Na ce, "Baba, Yamai uwa biyar ta ba mu. In zan ƙara ta shida sai shef ya rubuta wasiƙa. Kuma na sa bayani a gefe."

Ya ce, "Ɗan dako na karanta gehe?"

Na yi dariya na ce mashin ba ta mantuwa. Ya koma inuwarsa. Gaskiyar magana, ƙara uwa ta shida aikin yamma ɗaya ne, wasiƙar ma ni zan buga, shef hannu kawai zai sa. Ƙyuya ce ta hana ni, da kuma girman kai, don ban so a ce tsohon da aka sallama shi ne ya gyara mini tablo.

Da bazara yunwa ta shigo gari sosai. Kullum mata suna cika ƙofar buro da kwanoni. Ma'aikata suna yajin aiki, jam'iyyu suna zagin juna a lasifika, kowa yana neman abin da zai nuna ya yi wa talakawa. Wata safiya shef ya shigo da sauri ya ce umarni ya zo, a fitar da duk hatsin da ke magazen a sayar da rahusa, tiya-tiya, yau ɗin nan, kafin manyan baƙi su iso. Ya ce in ba shi takardar fitarwa nan da minti goma, kafin wuta ta tafi. Na kira hatsi, 'ya'yanta suka jeru, na danna bugawa. Takardarmu ba ta da faɗi, kolon huɗu take ɗauka, na ƙarin bayani ba ya fitowa. Na san da haka, kullum haka take fita. Amma wata biyar sun wuce, buhunan jan ƙyalle sun fita daga kaina. Shef ya sa hannu, aka tafi da ita a babur. Baba Arzika ranar yana kwance da zazzaɓi, gindin bedi babu kowa.

Ni ban ma je wurin ba. Daga baya aka ba ni labari cewa an shimfiɗa manyan tamfol, ana farke buhuna ana juyewa wuri ɗaya don awo ya yi sauri. Wata mata ta ce hatsin yana warin toka, mai awo ya ce in ba ta so ta ba na bayanta wuri. Kafin la'asar an share tamfol. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto.

Sati uku bayan haka hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga Malam Nomau a ƙofar burona, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Ya gaishe ni da fara'a, ya ce sun sha wuya amma sun kai, ba wanda ya mutu a gidansa, gonaki an share, amalanke suna magazen suna jira. Ina jin haka gabana ya faɗi. Na kunna na'urar, na gangara zuwa layinsa. Sunan yana nan, gargaɗin da na rubuta yana nan da manyan baƙaƙe, a kolon na adadi kuwa sifiri. Na ce masa mu je magazen, don na kasa faɗa da bakina.

Muka taka a ƙasa, yana ba ni labarin wata rijiya da suka yasa. A magazen, sabon mai tsaro ya ɗauko takardar fitarwa ya nuna mini lambar, da sa hannun shef, da haruffan sunana a ƙasa. Bai yi laifi ba. A ƙuryar da ake tara buhunan wofi muka iske jajayen ƙyallayen, an share su tare da shara. Malam Nomau ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, yana karkaɗewa. Ya ƙirga goma sha ɗaya, sannan ya ɗago.

Ya ce, "An canye?"

Na ce, "An sayar, Baba. Kuskurena ne."

Ya ce, "Duka?"

Na ce duka. Na tambaye shi ko akwai wanda ya rage ko tiya ɗaya a gida. Ya girgiza kai ya ce, "Ni nib bi gida-gida. Wadda tab ɓoye cikin tulu, ni nis sa ta hiddo. Nic ce musu Tawa akwai mashin da ba ta mantuwa." Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kwana biyu na yi ina bin unguwanni ina tambayar matan da suka saya. Ihu bayan hari. Wanda ya sayi tiya biyu da yunwa, zai ajiye ta sati uku? Wata tsohuwa ta kakkaɓe mini ƙasan kwando, abin da bai cika tafin hannu ba, shi ma gauraye da na Maraɗi. Shef, don a rufe maganar, ya sa aka ba mutanen Malam Nomau buhu goma sha ɗaya na irin kudu, mai lamba mai farashi, wanda ya zauna daidai a tablo. Baba Arzika, da ya warke ya fito, ya damƙi hatsin ya duba ya ce wannan sai inda ruwa ke wata huɗu. Malam Nomau ma ya sani. Ya ɗora a amalanke, don ba a komawa gari da hannu wofi ranar da ruwa ya sauka.

Irin kudun ya tsiro da kyau, haka aka ce mini. Ya yi tsawo ya fi mutum, kore shar, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Yana fara fitar da kai ruwa ya ɗauke, daidai lokacin da ya saba ɗaukewa a can, lokacin da nasu na da yake zama ya riga ya nuna. Kara suka girbe. Kafin sanyi ya shiga, mazan garin sun kama hanyar Abijan da Legas, irin tafiyar da mutanen ƙasarmu ta Adar suka saba, sai dai wannan karon wasu da matansu suka tafi. An nemi irin a ƙauyukan maƙwabta, aka samu mai kama da shi, ba shi ba. Ban ƙara jin wanda ya ce ya gan shi ba.

Ba a kore ni ba. Ba a ko yi mini faɗa ba, don a takarda komai daidai ne: hatsi ya shiga, hatsi ya fita, jimilla ta hau. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ni da kaina na zauna wata yamma na buɗe uwa ta shida, na sa mata suna amana, na buga wasiƙar Yamai, shef ya sa hannu ko karantawa bai yi ba. Daga azahar zuwa la'asar na gama. Na ɗauko layin Malam Nomau na mayar da shi ƙarƙashinta. Ba wanda ya sake kawo mana ajiya, labari ya riga ya zaga. Har ƙungiyar ta mutu aka rufe buro, uwar nan ɗa ɗaya gare ta, kuma duk ƙarshen wata yana fitowa a takarda da sifirinsa.

Shekara biyu bayan waccan daminar na gamu da Malam Nomau a kasuwar Tawa, wajen masu ciyawa. Ya dawo gari da zama wurin wata ɗiyarsa, yana sayar da harawa ƙulli-ƙulli. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu, har ya tambayi maigidana da yara. Ban san abin da ya kai bakina ba, sai na ji ina ce masa na gyara, yanzu irinsu yana da wurinsa daban a tablo, ba wanda zai ƙara taɓa shi.

Ya ci gaba da gyara ɗaurin harawa. Na lura da abin da ya ɗaure ƙullin da shi, jan ƙyalle ne da ya koɗe. Sannan ya ce, "To madalla, ɗiyata, Allah shi yi albarka. In ruwa sunka sauka, ki aiko min da takardar in shibka."